Jagoran Mai Son Rubuta Ƙagaggen Labari a Ƙasar Adar

Duk wanda ya zauna a Madawa ko Buza ko Keita, ya kuma lura da abin da ƴan mata da matan aure da samari suke karantawa a wayoyinsu, ko suke saurare a rediyo bayan sallar isha'i, zai tarar cewa mafi yawansa ƙagaggun labarai ne na soyayya da zaman aure da yaƙi da aljanu, waɗanda aka rubuta a Kano ko Kaduna ko Katsina, aka kuma gina su a kan titunan waɗannan birane da kuɗinsu da makarantunsu. Alhali kuwa ƙasar Adar da Gobir Tudu, da yake Allah ya hore musu tarihi da fatauci da tafiyar bida da gwagwarmayar neman ruwa, ba su rasa abin da za a ƙaga labari a kansa ba, abin da ya yi musu ƙaranci shi ne masu zama su koyi sana'ar bisa ƙa'idarta. Saboda haka na ga ya dace in shimfiɗa maka hanya, ya kai ɗan'uwa, da ke ƴar'uwa, gama mata ne suka fi yawa a wannan fage, tun daga karatu har sharhi har rubutu, domin ukun nan aiki ɗaya ne ga wanda ya riƙi alƙalami sana'a.

Abin da ya wajaba ka fara ganewa shi ne kowane nau'in labari alkawari ne tsakanin mawallafi da mai karatu, ko da ba a rubuta shi a bango ba. Wadda ta ba da kuɗinta ta sayi littafin soyayya ta saya ne bisa sharaɗin za a nuna mata mutum biyu da zukatansu suka haɗu, a jefa musu shamaki mai ƙarfi, a wahalar da su gwargwado, sa'an nan a yanke hukunci a kansu wanda hankali zai karɓa. Mai sayen littafin yaƙi yana jiran jarumi da abokin gaba wanda ya isa a ji tsoronsa. Mai sayen na bincike yana jiran laifi da ruɗani da warwara. Mai sayen na aljanu kuwa yana so tsigar jikinsa ta tashi ba tare da an taɓa masa aƙida ba. Kana da ikon ka zo da sabon abu iyakar basirarka, amma a cikin alkawarin, gama alkawari kaya ne, kuma mai karatun da aka saɓa wa sau ɗaya da wuya ya sake tambayar sunanka a wurin mai sayar da littafi.

Ba a sanin wannan alkawari sai ta hanyar karatu, karatun kuma yana da silsila wadda bai kamata a tsallake ta ba. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar da ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, aka kuma sami Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Wanda ya duba su da idon basira zai ga tushen labarin yawon duniya da na jarumta da na ramuwar gayya duk suna nan. A 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. A 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC ya fitar da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, sa'an nan, da tattalin arziki ya karye manyan kamfanoni suka ja da baya, marubuta suka shiga buga wa kansu: Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina a 1984, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. A fagen yaƙi da abin al'ajabi ka nemi Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Kada ka tsaya ga nau'in da ranka ke so kaɗai, domin marubucin soyayya yana bukatar koyon ɓoye sirri daga mai labarin bincike.

Amma karatun mawallafi dabam yake da na mai neman nishaɗi, kuma a nan ne nake so ka dakata. Ka karanta littafi sau biyu. A karo na farko ka sake jiki, ka bar labarin ya tafi da kai, iyaka dai ka sa ɗigo da fensir a gefen shafi duk inda ka ji zuciyarka ta motsa, da duk inda ka ji hankalinka ya tafi wani wuri. A karo na biyu ka ɗauko sabon kaye, ka raba kowane shafi gida huɗu: a gida na farko lambar babi da yawan shafukansa, a na biyu sunan wanda babin ya tsaya a kansa, a na uku abin da yake nema da abin da ya tare masa hanya, a na huɗu ainihin wurin da mawallafi ya ajiye alƙalami, ko a bakin ƙofa ne ana sallama, ko a tsakiyar magana, ko bayan an buɗe wasiƙa ba a kai ga karanta ta ba. Idan ka gama, sai ka koma ga ɗige-ɗigen nan naka ka gwada su da abin da ke cikin kaye, za ka tarar, galibi, inda hankalinka ya gudu shi ne inda gida na uku ya zauna wayam, wato babin da ba mai neman komai a cikinsa, sai bayanin tufafi da abinci da ƙawar ɗaki. Wanda ya yi wa littafi biyar ko shida irin wannan fiɗa ya sami ilmin da ba wani malami da zai iya zuba masa a kunne. Wannan kuwa ba baƙon aiki ba ne a ƙasar da malamanta suka saba cika gefen takarda da hashiya, ƙasar da Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, yake kwance a cikinta kusa da Madawa.

Ka lura kuma da yadda marubutan Kano suka saba raba labari kashi biyu ko uku, su yanke na ɗaya a wurin da mai karatu ba zai iya haƙuri ba. Asalin wannan lalura ce ta jari, domin kuɗin da na ɗaya ya kawo da shi ake buga na biyu; amma lalurar ta koya musu hikimar yanka, wadda har yau take aiki ga masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad.

Daga karatu sai sharhi, wanda marubuta da yawa suke gudu don tsoron ɓacin rai, ko kuwa su mai da shi kirari ga abokai. Ni kuwa ina ganin wajibi ne a kan mai rubutu ya riƙa yin sa, ko da ba zai nuna wa kowa ba, domin wanda bai iya faɗin dalilin da ya sa littafin wani ya yi rauni ba, ba zai gane raunin nasa ba. Sharaɗinsa na farko shi ne ka karanta littafin har ƙarshe, gama shaida a kan abin da ba a gani ba zur ce. Bayan haka ka auna shi da mudun nau'insa: kada ka zargi littafin yaƙi da rashin zurfin soyayya, ko ka nemi tahƙiƙin masanin tarihi a wurin mai labarin aljanu, tambayar ita ce, me ya yi alkawari, ya kuwa cika? Ka buɗe da taƙaitaccen bayanin labarin cikin jimla uku ko huɗu, ba tare da ka tona ƙarshensa ba, domin tona ƙarshe cin amanar mai karatu ne da ɓata wa mawallafi kasuwa. Sa'an nan ka kawo abin da ya yi kyau da hujjarsa, da abin da ya gaza da hujjarsa, kana ambaton babi ko shafi, ta yadda wanda ya saɓa maka zai iya buɗewa ya duba. Cewa "littafin ya yi daɗi" ba sharhi ba ne. Cewa an sa kishiya ta tuba a babi na ƙarshe alhali ba a nuna abin da ya karya mata zuciya ba, wannan sharhi ne, kuma mawallafi mai hankali zai amfana da shi ko da ya ji zafi.

Akwai iyaka tsakanin sharhi da giba, kuma a bayyane take: littafi ya fita kasuwa, ya zama na jama'a, amma mutuncin mai shi da aurensa da ƙarancin karatunsa na boko ba su fita tare da shi ba. Idan mawallafin abokinka ne ka faɗa tun farko. Idan kuwa kun yi saɓani, ko ka ji hassada na motsi domin nasa ya fi naka karɓuwa, to, ka ajiye alƙalami sai ranka ya huce. A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridun Arewacin Nijeriya, musamman a shafukan adabi da Ibrahim Sheme ya kula da su, inda Ibrahim Malumfashi ya soki littattafan da marubuta suke buga wa kansu da sunan adabin kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka kare su. A ganina kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya: masu suka sun yi daidai game da gaggawa da sakacin rubutu, masu kariya sun yi daidai da suka ce littattafan nan sun sa dubban mata karatu, sun kuma fito da maganar auren dole da saki da ilmin ƴaƴa mata fili. Mai sharhi na ƙwarai yana riƙe da duka biyun a lokaci guda.

To, yanzu sai rubutu. Babbar jarrabawar da za ta same ka ita ce ka ɗauko gidan bene na Nasarawa ta Kano da Alhaji mai motoci goma ka dasa su a labarinka, domin su ka saba gani a takarda, har ka ɗauka labari ba ya yiwuwa sai da su. Ka ɗauki tsari daga Kano, wannan halal ne kuma dole ne, amma kayan ciki ka ɗebo su a gida. Ga misali. Yarinya ce a wani ƙauye na wajen Tamaske, aka ɗaura mata aure da kaka, kafin watan azumi ya kama mijin ya tafi bida Abijan, kamar yadda mazan Adar suka daɗe suna yi. Shekara ta farko saƙo yana zuwa, ta biyu ya ragu, ta uku lambar wayarsa ta daina shiga. Tana zaune a gidan surukai, tana daka tana ɗebo ruwa, ba ita ce matar aure sosai ba, ba ita ce bazawara ba. Uwarta na cewa ta fito, uwar miji na cewa ɗanta na nan tafe. Sai ga wani malamin lakwal da aka turo garin, mutum mai kunya, wanda bai taɓa ce mata komai ba sai gaisuwa. Ka ga a nan an sami mutum biyu, an sami shamakin da ya fi kowane mugun attajiri ƙarfi, domin ba mugu a cikinsa, kowa da hujjarsa.

Sai dai irin wannan labari ba a rubuta shi da ka. Dole ka tafi zauren malami ka tambayi hukuncin matar wanda ya ɓace a mazhabar Malikiyya, inda za ka ji cewa ana yanka mata shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara, sa'an nan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, da kuma cewa rashin ciyarwa wata ƙofa ce dabam wadda alƙali yake iya raba aure ta cikinta ba tare da wannan dogon jira ba. Dole kuma ka san cewa a Nijar irin wannan magana takan fara ne a gaban mai gari ko sarki don sulhu, kafin ta kai ga alƙalin gwamnati wanda yake zama da masana al'ada. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai babi ne, kuma ranar da mijin zai sallama a ƙofar gida, ko kafin cikar wa'adi ko bayansa, ita ce wurin yanke littafi na ɗaya. Kuskure a mas'alar aure ko gado ko idda ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai mai karatun da za ta ɗauki abin da ka rubuta a matsayin fatawa.

Mai son labarin bincike ya dubi cinikin albasa a kwarin Tarka da wajen Galmi: ana cire ta da bazara farashi ya faɗi, mai hali ya zuba tasa a rudu ya jira ta yi tsada, dillali ya karɓi kaya bashi, babbar mota ta ɗauka zuwa Abijan ko Akara, kuɗi su biyo baya ko kada su biyo. Buhu ɗari da suka ɓace tsakanin rudu da tasha sun isa littafi. Ƙa'idar wannan nau'i ɗaya ce mai tsanani: mai laifi ya kasance an nuna shi tun farko, alamar da za ta tona shi kuma an ajiye ta a gaban mai karatu, ya gan ta bai kula ba. Ka kuma tuna cewa a karkararmu jandarma ake kira. Mai son yaƙi ba ya bukatar ƙago birnin da babu shi: ga Agabba ɗan Sarkin Agadas da ya kafa sarautar Adar, ga Abzinawan Kel Geres, ga yaƙin Gawakuke na 1836, ga ɓarnar ayarin Voulet da Chanoine a Birnin Ƙonni a 1899, wanda Abdoulaye Mamani ya gina Sarraounia a kan zamaninsa a 1980; littafin Djibo Hamani kuwa na 1975 a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa shi ne wurin farawa. Har yau kuma ina jiran wanda zai rubuta labarin matan da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984, lokacin da maza suka watse saboda fari, ko na waɗanda suka dasa layukan bedi a kwarin Majiya tun 1975.

Game da harshe, shawarata ita ce ka yi bayaninka da daidaitacciyar Hausa domin na Kano da na Kumasi su karanta ba wahala, amma ka bar mutanenka su yi magana da bakinsu. Tsohuwar Buza ta ce "munka tahi", ta ce "wanga yaro shina da kunya", kada ka sa mata Kananci a baki. Sai dai ka yi shi da awo, kalma biyu ko uku a zance sun isa a ji ƙamshin garin. Kuɗi su zama dala da jika, yaro ya tafi lakwal, matafiyi ya hau kabu-kabu. A taron Bamako na 1966 an yi aikin daidaita rubutun boko, Nijar kuma ta tsayar da ƙa'idarta a 1999. A nan ana rubuta ƴ, a Nijeriya 'y, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta, ka kuma kiyaye ɓ da ɗ da ƙ da rabon kalmomi, musamman yanzu da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar a 2025, idanu za su ƙara yawa a kan rubutunmu.

Wajen aikin kansa, kafin ka rubuta jimla ta farko ka cika kaye irin wancan mai gida huɗu, amma wannan karon da naka labarin, babi-babi har ƙarshe, domin wanda bai san inda za shi ba a tsakiya yake shigo da haɗarin mota ko ciwon ajali don ya tsere. Masu saƙar tabarma na Madawa ba su saƙa ta gaba ɗaya. Ɗauri-ɗauri suke saƙa kaba, dogo siriri, kowace rana gwargwadon hali, sai ya taru a ɗinke shi gefe da gefe, kuma tun ana saƙar ake sanin inda ja da baƙi za su haɗu. Haka babi yake. Ka yanka wa kanka lokaci wanda ba ya motsi, bayan asuba ko bayan an kwanta, da adadin shafi wanda ba zai gagare ka ba ko ranar kasuwa. Kada ka tsaya gyara kana cikin zuba. In ka kai ƙarshe ka rufe shi wata guda, sa'an nan ka buɗe ka yi masa sharhi da sharuɗɗan nan da ka yi wa na wasu, ba sassauci. Daga nan ka karanta shi da ƙarfi a gaban mutum biyu ko uku waɗanda ba su jin kunyarka, ciki har da wanda bai yi boko ba, gama da yawa daga masu bin labari a ƙasarmu da kunne suke binsa; inda suka fara hira ka sa alama, inda suka ce "sai me ya faru?" ka san nan ne ƙarshen babi.

Maganar fitarwa gajeriya ce. Ko ka buga a maɗaba'ar Maraɗi ko Kano ko Yamai, ko ka saki a waya ana biya kafin a shiga, ko ka ba gidan rediyo a karanta, ko, in ke mace ce, ki gwada gajeren labari a gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, kada ka miƙa rubutunka ga kowa sai ka ajiye kwafi biyu a wurare dabam, ɗaya a takarda. Ka fara da kaɗan, ka ga yadda kasuwa ta karɓa, kafin ka sayar da akuya ko buhun gero don ƙari. Duk abin da kuka shirya da mai maɗaba'a ko mai sayarwa ko mai karantawa a rediyo, yawan kwafi, da kason kowa, da ranar biya, da wanda ke da ikon mai da labarin fim ko murya, a rubuta shi a takarda da shaidu biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe tasa, ko da abokin cinikin ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.